Idan gubar abinci ta kashe ƙodar yaronka: yadda ake neman diyya tun daga gadon asibiti

Jama'a wannan rubutun na yi shi ne musamman saboda 'yan uwanmu mazauna Amurka da Ingila da sauran ƙasashen Turai, don a can ne irin wannan shari'ar ta zama sana'a guda, akwai lauyoyin da basu da wani aiki sai ita. Wanda ke gida Najeriya ma ya daure ya karanta, zan taɓo namu can ƙasa. Maganar dai ita ce yaro ya ci abinci, ciki ya murɗa, gudawa ta zo, ta koma jini, bayan kamar sati ɗaya fitsari ya ɗauke likita yace ƙoda ta tsaya sai an yi wankin ƙoda da inji. Toh wa zai biya, kuma ta yaya zaka nuna abincin wane ne ya jawo?

Abinda nake so ka riƙe shine satin farko na ciwon nan shi ne shari'ar gaba ɗayanta. Abinda aka yi sakaci da shi a wannan satin, lauya komai ƙwarewarsa bazai iya dawo maka da shi ba.

Ƙwayar cutar da tafi yin wannan ɓarnar sunanta E. coli O157:H7. A hanjin shanu da awaki da tumaki take zama kuma bata yi musu komai, sai a wajen fiɗa kashin dabbar ya taɓa nama, ko ruwan da ya bi ta garke a yi ban ruwan latas da shi, ko a sha madarar da ba a dafa ba. 'Yar kaɗan ma ta isa ta kwantar da mutum. Tana fitar da wani dafi da ake kira Shiga, shi kuma in ya shiga jini sai ya lalata bangon ƙananan jijiyoyin jini musamman na cikin ƙoda, jini ya riƙa daskarewa a ciki, jajayen ƙwayoyin jini su farfashe wajen wucewa, ƙoda ta toshe. Likitoci HUS suke ce masa, zaka ga haruffan nan uku a fayil ɗin yaron. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tace cikin mutum 100 da aka tabbatar sun kamu da O157, tsakanin 5 zuwa 10 ne ke kaiwa wannan matakin, kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tsofaffi sun fi shiga haɗari. Abun da ke yaudarar iyaye shine yana zuwa ne daidai lokacin da gudawar ta fara lafawa, kowa ya fara cewa alhamdulillahi ya samu sauƙi, sai a ga yaro ya ɗashe, leɓe da cikin ido sun yi fari, fuska da ƙafa sun kumbura, famfas ya kwana a bushe. In ka ga haka babu maganar jiran gobe, asibiti kai tsaye.

Kuma dan Allah kar a bashi maganin kashe ƙwayoyin cuta da ka. Na san halinmu, bama tafiya ƙasar waje sai da Flagyl da Cipro a jaka, yaro na fara zawo a ɓalle ƙwaya a bashi. A wannan ciwon likitoci na gargaɗin cewa irin waɗannan magungunan na iya ƙara haɗarin taɓa ƙoda, haka ma maganin tsayar da gudawa irin Imodium, shi kuma ibuprofen dama ba abokin ƙoda bane in jiki ya bushe. Bayan cutar da yaron, ka kuma goge shaidarka da hannunka, don in maganin ya kashe ƙwayar kafin a ɗauki kashi gwaji zai fito babu komai.

Gwajin kashi kenan, kuma nan ne mutane suka fi faɗuwa. Ranar farko da kuka je asibiti da gudawa mai jini ka buɗe baki ka ce kana so a ɗauki kashin yaron a gwada E. coli mai dafin Shiga, kar ka ɗauka za su yi da kansu, likitan gaggawa na iya cewa ƙwayar bairos ce a je gida a sha ruwa. Ƙwayar bata daɗewa a kashi, sau da yawa kafin ƙoda ta nuna alama ta riga ta ɓace. In sakamako ya fito akwai, tambaya ta biyu: shin an shuka ƙwayar, wato an raine ta a ɗakin gwaji ta yi yawa, an tura ta ɗakin gwajin hukumar lafiya ta jiha? Dalili kuwa, gwajin sauri na asibiti iyakarsa yace maka akwai cutar. Shi kuwa ɗakin gwajin gwamnati karanta dukkan ƙwayoyin halittarta yake, ya fitar mata da tambari kamar dangwalen yatsa a katin zaɓe, sannan a saka a rumbun PulseNet da CDC ta kafa a 1996. In tambarin na yaronka ya yi daidai da na wasu mutum talatin a jihohi daban daban kuma dukkanku kun ci latas ɗin kamfani ɗaya, toh rabin aikin lauya ya ƙare, gwamnati ta yi maka bincike kyauta. A Ingila hukumar kare lafiya ta UKHSA ce ke yin irin wannan. In an makara akwai gwajin jini da ke iya nuna jiki ya yaƙi O157, yana taimakawa, amma baya bada wancan tambarin.

Jami'an lafiya na ƙaramar hukuma za su kira ka da doguwar takardar tambayoyi. Ka amsa, in basu kira ba kai ka kira su. Ka faɗi gaskiya kaf, har zuwa gona da kuka yi yankan ragon layya da yara, da wurin ninƙaya, da gidan renon yara, da madarar da aka kawo muku daga gona. Lauyoyin kamfani za su tono waɗannan ko ka ɓoye, kuma gara lauyanka ya ji daga bakinka.

Wani kuskuren kuma kowa abincin ƙarshe yake zargi. Yaro ya ci shawarma da daddare da safe ciki ya ɓaci, shikenan an yanke hukunci mai shawarma ne. Ita wannan ƙwayar yawanci kwana uku zuwa huɗu take ɗauka kafin ta nuna, wani lokacin har kwana goma. Saboda haka ka samu takarda da biro tun kana zaune a gefen gadon, kai da maman yaran, ku koma baya kwana goma ku rubuta duk abinda ya shiga bakinsa da inda aka saya. Ƙwaƙwalwa bata riƙe wannan bayan wata ɗaya wallahi. Ka tattara rasit, ka sauke bayanin banki na katinka, tarihin oda a manhajar kawo abinci, jadawalin abincin makaranta, katin mamba na kanti irin na Costco wanda ke ajiye lissafin duk abinda ka saya, har hotunan waya don suna ɗauke da rana da wuri. In akwai ragowar abincin ka ɗaure shi a leda biyu, ka rubuta HAƊARI da kwanan wata a jiki, ka sa a firiza inda yara basa kaiwa. Kwalin ko ledar ma kar a yar, lambar rukunin kaya da ke jiki ita ke nuna masana'antar da ranar da aka yi shi, a naman Amurka zaka ga lamba bayan haruffan EST kusa da tambarin USDA, wato ma'aikatar gona ta Amurka. Kar ka mayar wa manajan kanti wai ya gani, kar kuma ka kai wani ɗakin gwajin kuɗi da kanka, kotu na son sanin hannun da abu ya bi ɗaya bayan ɗaya, ka bari jami'in lafiya ko lauya ya tsara. In babu ragowar kar ka karaya, yawancin shari'o'in nan ba da ragowar abinci ake cin su ba, da gwajin kashi da binciken hukuma ne.

Ka kuma riƙe bakinka a Facebook da TikTok. A 2011 a Jamus wata 'yar uwar wannan ƙwayar, O104:H4, ta kama mutum kusan 4,000, sama da 800 ta taɓa musu ƙoda, sama da 50 suka mutu. Da farko hukumomin Hambug suka fito suka ce kokwambar Sifen ce, manoman can suka tafka asara, ashe tsiron hulba ne da aka shigo da irinsa daga Masar. In hukuma da ɗakunan gwajinta za ta iya nuna yatsa inda ba daidai ba, kai da ke cikin tashin hankali fa? Ka ambaci sunan gidan abinci a fili ya zama ba su bane, kai za a maka a kotu kan ɓata suna.

Yanzu dokar kanta. Abun daɗi a Amurka shine ba sai ka nuna kamfani ya yi sakaci ba. Abu uku ake nema: abincin ya fito daga hannunsu da cutar, shi ya jawo ciwon, kuma ga asarar da aka yi. Ko da sun kawo takardun tsafta cike da akwati, in abincinsu ne toh su ne. Ingila ma tana da irin wannan a dokar kare mai saye ta 1987. Shari'ar da ta buɗe wannan fagen ita ce ta gidan abincin Jack in the Box a 1993, inda sama da mutum 700 suka kamu a jihohi huɗu, Washinton da Idaho da Kalifoniya da Nebada, yara huɗu suka rasu, saboda baga, wato burodi mai niƙaƙƙen nama a tsakiya, da ba a gasa naman ya nuna ba. Jihar Washinton ta riga ta ɗaga ƙa'idar gashin nama zuwa digiri 155 a ma'aunin Amurka, wato kamar 68 a namu, kamfanin ya tsaya a kan tsohuwar ta tarayya 140, kuma takardunsu na cikin gida da suka fito a shari'a sun nuna an yi tunanin ƙarin gashi zai sa naman ya yi tauri. Wata yarinya 'yar shekara tara, Brianne Kiner, ta yi kusan sati shida bata san inda kanta yake ba, lauyanta Bill Marler na Siyatil ya karɓo mata dala miliyan 15.6. Shekarar da ta biyo baya, 1994, ma'aikatar gona ta haramta sayar da niƙaƙƙen naman shanu mai ɗauke da O157. Kuma abun bai ƙare ba har yau, latas ɗin yankin Yuma a 2018 ya kama mutum 210 a jihohi 36 biyar suka mutu, a 2024 kuma albasar da ake sawa a bagan McDonald's ta kama mutum 104.

Kar dai ka ga miliyan 15 ka fara lissafi, wancan yarinya ce da kusan duk sassan jikinta suka taɓu. Kuma wanda ake ƙara ba lallai shagon da ka saya kaɗai bane, lauya mai hankali sarƙar yake bi har sama, gona, masana'anta, dillali, kanti, don ƙaramin gidan abinci inshorarsa bazata iya ɗaukar kuɗin dashen ƙoda ba.

Lokacin shigar da ƙara ma yana da iyaka. Kentaki da Tenesi shekara ɗaya, Kalifoniya da Tekzas biyu, New York uku. Ingila shekara uku, ga yaro kuma agogon baya fara tafiya sai ya cika 18, sai dai ƙara a ƙarƙashin dokar 1987 tana mutuwa bayan shekara goma da fitar kayan ko da yaron bai girma ba. Yawancin jihohin Amurka ma suna dakatar da agogo ga yara, amma haƙƙin iyaye na kuɗin asibitin da suka kashe yana iya ƙarewa tun kafin nan. In kuwa makarantar gwamnati ce ta ciyar da shi abun ya fi tsauri, a New York kwana 90 ne zaka bada sanarwar ƙara, a Kalifoniya wata shida.

Wajen zaɓen lauya kar ka ɗauki wanda ya yi maka takardun zama ko wanda allon tallarsa na hatsarin mota ke bakin titi don kawai an san shi a unguwa. Ka tambaye shi kai tsaye shari'ar HUS nawa ya taɓa yi, wane likitan ƙodar yara yake aiki da shi. Ba a biyan su a gaba, kaso suke cira in an ci, a Amurka yawanci kashi 33 zuwa 40 cikin ɗari, kuma ka tambaya kuɗin masana da na kotu kafin kasonsa ake cirewa ko bayan, in an faɗi wa zai biya, a rubuta. In aka gayyace ka shiga ƙarar taron dangi inda ake haɗa ɗaruruwan mutane a raba kuɗi, ka yi tunani sosai, wannan ta dace da wanda ya yi zawon kwana uku ya warke, yaron da ya hau injin wanki ƙararsa ta kansa ya kamata a yi. Rashin takardun zama baya hana mutum neman diyyar rauni a kotun Amurka, ka dai faɗa wa lauyanka a sirrance tun farko.

Sai babbar magana, kar ka yi saurin sa hannu. Yaro zai fito daga asibiti yana gudu yana wasa, gwaji ya nuna ƙoda ta dawo aiki, wakilin inshorar kamfani ya bugo waya cikin ladabi yana jajanta muku, yace za su biya kuɗin asibiti duka har da ɗan ƙari, ku sa hannu kawai a rufe magana. Takardar nan in ka sa mata hannu ka yafe duk abinda zai biyo baya har abada. Alhali matatun da ke cikin ƙoda in sun mutu basa sake tsirowa, waɗanda suka rage ne ke ɗaukar aikin duka, su yi ta yi shekara da shekaru har su gaji, sai a fara ganin furotin a fitsari, hawan jini ya shigo, wani sai ya balaga jiki ya girma, mace kuma sai ta ɗauki ciki. Wani babban nazari da aka buga a 2003 wanda ya haɗa bincike masu yawa ya nuna kusan kashi 12 cikin ɗari na masu wannan ciwon sun mutu ko ƙodarsu ta mutu gaba ɗaya, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka rayu sun ci gaba da samun matsalar ƙoda. Wanda ya fi daɗewa babu fitsari ko a kan injin wanki shi ya fi shiga haɗari, shi yasa adadin kwanakin nan ke da nauyi a fayil. Ka lissafa wanki sau uku a sati awa huɗu huɗu, ka lissafa dashe wanda shi ma ba na har abada bane, ƙodar da aka dasa shekara goma zuwa ashirin take yi, ɗan shekara biyar kenan zai iya buƙatar biyu ko uku a rayuwarsa, ga maganin hana jiki ƙin ƙodar kullum. Wannan lissafin likitan ƙoda da masanin tsara kulawa da masanin kuɗi ke zama su yi shi, shi ake kaiwa teburin sulhu. A Ingila akwai wata dama mai kyau, kotu na iya bada diyyar yanzu ta bar ƙofa a buɗe cewa in ƙoda ta mutu nan gaba a dawo a ƙara, ka tambayi lauyanka wannan. Shi kuma wakilin inshora in yace zai naɗi muryarka, ka ce ya kira lauya.

Kafin nan ka riƙa ajiye komai: cikakken fayil ɗin asibiti, hotunan yaron da bututu a jiki duk da ba daɗin ɗauka, ranakun da ka rasa aiki, kuɗin fakin da na mai. Kar a tsallake ranar ganin likitan ƙoda ko ɗaya, in ka tsallake za su ce ai ya warke. Ka kuma sani in Medicaid, wato tallafin lafiya na gwamnatin Amurka, ko inshorarka ce ta biya asibiti za su karɓi nasu daga cikin diyyar, sannan sulhun yaro sai alƙali ya amince, kuɗin kuma a kulle ake ajiye masa. Ba kuɗin da za a turo gida a sayi fili bane, na ƙodarsa ne.

Akwai masu cewa ƙaddara ce mun bar wa Allah. Ƙaddara ce tabbas, amma diyya ai ba baƙuwa bace a addininmu, wanda ya jawo ɓarna shi ke biya, kuma haƙƙin na yaron ne, ni a ganina uba bai kamata ya yafe abinda ba nasa ba don jin kunyar shiga kotu.

A Najeriya hanya ta fi gargada. Kotunanmu sun gaji ƙa'idar shari'ar Donoghue ta 1932, matar nan 'yar Sikotilan da ta tarar da dodon koɗi a kwalbar lemo, wato sai ka nuna sakaci, kuma kamfanoni sun sha tsira ta hanyar kawo injiniya ya bayyana yadda injinansu basa kuskure. A 2008 Kotun Ƙoli ta ba wani mutum, Okwejiminor, gaskiya kan kyankyaso da ya samu a kwalbar Fanta, amma sai da ya yi fiye da shekara goma yana zirga zirga. Dokar kare mai saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC ta ɗora wa mai kaya alhakin cutar da kayansa marasa kyau suka jawo, zaka iya kai ƙorafi can, ka kuma sanar da NAFDAC da sashen lura da annoba na ma'aikatar lafiyar jiha. Mutanen Kano basu manta da abun ɗan tsami na 2021 ba, da ɗaruruwa suka kwanta wasu ƙodarsu ta taɓu, duk da wancan sinadari ne ba ƙwayar cuta ba, yawan waɗanda suka kwanta lokaci ɗaya ne ya sa hukuma ta bi sawun kayan. Haka nan ma ƙarfinka yana cikin yawa, in a biki ne ko makarantar kwana ka nemo sauran iyayen da yaransu suka kwanta, kowa ya je asibitin koyarwa a ɗauki kashi kafin a fara magani, a karɓi sakamako a rubuce. In hukumar gwamnati ce ko jami'inta, akwai dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata uku kacal, ka ga lauya a satin. Yawanci dai a sulhu ake ƙarewa gaban manya, toh a rubuta shi a takarda da shaidu, kuma a saka a ciki cewa wanda ya jawo zai ɗauki kuɗin awon jini da fitsari da ganin likitan ƙoda na shekarun gaba, da wanki in ta kai ga haka.